Baƙo da Maigida a Kwamfuta Ɗaya: Me Ke Hana Su Jin Juna?

Matasan da ke koyon aikin sadarwar kwamfuta a Kafanchan da Kagoro da Zonkwa, har da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da yawansu kwamfuta ɗaya gare su, ita ma ta hannu. Ga shi darasin yana neman biyu ko uku. Shi ya sa ake komawa ga manhaja irin VirtualBox ko VMware, a kafa Linux a cikin Windows, na waje ya zama maigida, na ciki ya zama baƙo. Kafawar ba ta da wuya. Rigima tana farawa ne sa'ad da aka ce su gaisa.

Baƙon ba shi da katin sadarwa na ƙarfe. Manhaja ce ke ƙaga masa ɗaya, ita ce kuma ke yanke inda saƙonsa zai bi. Ɗan Kafanchan bai kamata wannan ya ɗaure masa kai ba. Tun 1927 garin mahaɗar layin dogo ne, inda layin da ya taso daga Fatakwal ke rabuwa, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya haura Jos. In jirgin Jos ya tsinci kansa a hanyar Kaduna, ba injinsa za a kwance ba, mai juya layi za a tambaya.

A VirtualBox, zaɓi uku ne suka fi shafar mai koyo. Wanda manhajar ke ɗora mutum a kai tun farko shi ne NAT. A nan baƙo yana samun adireshin 10.0.2.15, yana fita intanet ta bayan maigida, amma maigida ba zai iya ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Haka aka tsara shi, ba lalacewa ba ce. Sai ka ga yaro ya kwana yana buga ping zuwa 10.0.2.15, daga bisani ya goge komai ya sake saukewa, datarsa ta tafi a banza. Da ya shiga wurin tura ƙofofi ya haɗa ƙofa ta 2222 ta maigida da ta 22 ta baƙo, da ya shige ta SSH cikin minti biyu.

Na biyu shi ne Bridged, kuma nan ne nake da ƙorafi a kan yawancin darussan YouTube. Masu yin su suna zaune ne a inda intanet ke shigowa ta igiya, sai su ce a zaɓi Bridged a huta. Mu kuwa intanet ɗinmu daga wayar hannu yake zuwa, ko daga MiFi na MTN ko Airtel ko Glo. Ka'idar Wi-Fi ba ta yarda na'ura ɗaya ta yi magana da lambar katin sadarwa (MAC) biyu ba, don haka VirtualBox dabara yake yi, ya aro wa baƙo lambar maigida. Wani lokaci dabarar ta ci, wani lokaci wayar ta ƙi ba baƙon adireshi. In ka ga adireshi ya fara da 169.254, to babu wanda ya ba shi, shi ya laƙaba wa kansa. Ko ta ci ɗin ma, yau kana kan wayarka, gobe kana kan ta aboki, adireshi ya sauya, abin da ka saita jiya ya wargaje. In cajin wayar ya ƙare kuwa, baƙo da maigida sun rabu ke nan, alhali a akwati ɗaya suke.

Akwai kuma wata cuta da tsadar data ta haifar. Mutum ɗaya ya sauke baƙon, sauran su kwafa a filash. Kowane katin VirtualBox yana da lambar MAC mai farawa da 08:00:27, kuma in an kwafi fayilolin yadda suke, lambar na biye da su. Mutum goma a aji ɗaya, kan na'urar raba intanet ɗaya, da lamba iri ɗaya: sadarwa ta riƙa zuwa tana yankewa, a ɗora wa kamfanin waya laifi. Maɓalli ɗaya ne a gefen lambar ke sabunta ta.

Na uku, Host-only, shi ne aka fi rainawa, shi ne kuma ya fi dacewa da mu. Maigida yana riƙe 192.168.56.1, baƙo ya samu daga 192.168.56.101 zuwa sama, ba ruwansu da waya ko MiFi. A ganina, abin yi shi ne a ba baƙo kati biyu: na farko NAT don fita intanet, na biyu Host-only don hira da maigida. A Ubuntu za su bayyana da sunan enp0s3 da enp0s8, kuma sau da yawa na biyun yana kwance sai an tashe shi a fayil ɗin Netplan.

In an yi haka amma baƙo bai ji maigida ba, a duba alamar Cable Connected a saitin baƙon, sannan a duba katangar tsaron Windows, wadda ke ɗaukar katin Host-only a matsayin baƙuwar hanya ta hana amsa ping. Wasu gwanayen shago sukan kashe katangar gaba ɗaya. Ganganci ne, musamman a kwamfutar da filash ɗin kowa ke shiga. A buɗe wa ICMP, wato saƙon ping, hanya ga 192.168.56.0/24 kawai, ya isa. Bayan sabunta Windows kuma katin kan ɓace ko ya dawo da lamba 2 a ƙarshen sunansa; sai a sake zaɓarsa a saitin baƙon.

Ina kira ga malamai da masu cibiyoyin koyar da kwamfuta a kudancin Kaduna da su fara darasi da wannan saiti na kati biyu, su kuma tilasta wa kowane ɗalibi sabunta lambar katinsa kafin ya kunna baƙon da ya kwafa.