Kircin Yara: Abin da Awon Jini Ke Faɗi da Abin da Ba Ya Faɗi

Hunturu ya shigo, fatar yara ta fara bushewa. A yawon da nake yi na ziyartar ƙungiyoyinmu na gama-kai, iyaye sukan nuna mini yaro mai susa dare da rana, su ce, "Malam, ko mu sayar da buhu guda mu kai shi birni a auna jininsa?" Kafin ku taɓa rumbu, bari mu duba maganar.

Ciwon da muke nufi shi ne kircin yara, wanda likitoci ke kira ekzima. Ba ƙazuwa ba ce, ba makero ba ne, ba kuma kircin shanu ba ne. Yaro ba ya shafa wa ɗan'uwansa. Yakan bi dangi, musamman gidan da ake fama da asma. Ga jariri yakan fito a kumatu, ga babban yaro kuwa a gwiwa da gwiwar hannu da wuya.

Me ake nema cikin jinin?

Na farko shi ne IgE, wani makamin jiki da wasu masana 'yan Japan, mata da miji masu suna Ishizaka, suka gano a Amurka a 1966. Yawanci yakan hau idan kirci ya yi tsanani. Amma akwai yara masu kirci sosai da nasu bai hau ba, kuma ba ya saurin sauka ko da fata ta yi sauƙi.

Na biyu wasu fararen ƙwayoyin jini ne masu suna isonofil, su ma sukan ƙaru. Na uku LDH, wanda ke yawaita idan wani sashen jiki na lalacewa, ko fata ko hanta ko tsoka.

Na huɗu, TARC, shi ya fi bin sawun ciwon: ya hau idan kirci ya tashi, ya sauka idan magani ya ci. A Japan inshorar lafiya na biyan kuɗin wannan awo tun 2008. Sai dai na jarirai masu lafiya ma ya fi na manya yawa, don haka dole a duba shekarun yaro. Ba kuwa awon ƙaramin asibiti ba ne.

Inda takarda ke ruɗin mutum

Tsutsar ciki da tsargiya su ma suna ɗaga IgE da isonofil. Yaron da ke yawo ba takalmi a gona, yana wanka a kududdufi, ana iya samun lambarsa ta yi sama alhali tsutsa ce ta jawo. Shi ya sa yana da kyau a auna kashi da fitsari tare.

Haɗari mafi girma shi ne na abinci. Awon jini yakan nuna alama a kan madara ko ƙwai ko gyaɗa, ga yaron da ke cinsu lafiya lau. Idan uwa ta tsorata ta hana shi, sai a gudu daga susa a faɗa tamowa. Kada a hana yaro abinci mai gina jiki sai da umarnin likita.

Ma'aunin da ke hannunku

Har a manyan asibitoci, ido da tambaya ne babban awo. Tsarin SCORAD da likitocin Turai suka fitar a 1993 yana duba faɗin wurin da ya kamu, da kaurin fata, da tsatstsafar ruwa, da ƙaiƙayi, da rashin barci. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai wurin ya ƙara duhu ko ya yi toka-toka. Saboda haka uwa ta riƙa ƙidaya daren da yaro ya kasa barci, ta faɗa wa malamin asibiti.

A gida, a yi wanka da ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, a rage sabulu, a shafa man kaɗe ko basilin nan da nan, a yanke farce. A guji mayukan bilicin na kasuwa. In kuwa an ga mugunya, ko ƙananan bororo masu zafi, ko zazzaɓi, a kai yaro asibiti ranar, kada a jira ranar kasuwa.