Daga Minna Zuwa Sango: Abin Da Ke Ɓoye Cikin Sunayen Da Muke Kira Kullum

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wata gardama ce da ta tashi a kan tirela. Mun ɗauko shanu daga kasuwar Mariga za mu Ibadan, sai wani yaron mota ya ce shi fa ba ya son jin ana cewa Sango, don sunan gunkin Yarbawa ne. Mahaifina, wanda ya fi shekara 30 yana bin wannan hanya, ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, zangon kakanninka ne kake gudu." Tun daga ranar na shiga tambaya da karance-karance. Ga abin da na tsinto.

Bari mu fara da gida. Minna garin Gwarawa ne tun asali, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, kuma a kan duwatsu suka fara zama, irin su dutsen Paida. Dattawansu suna cewa sunan ya fito ne daga kalmominsu masu nufin yaɗa wuta, saboda wani bikin shekara da ake kashe wutar kowane gida, a kunna sabuwa, a rarraba wa jama'a. Wato duk lokacin da ka ce Minna, wata tsohuwar al'adar bauta kake ambata ba ka sani ba. Zuwan jirgin ƙasa na Baro zuwa Kano, wanda aka gama shimfiɗa hanyarsa a 1911, shi ya jawo Hausawa da Nufawa da Yarbawa da Ibo suka cika garin, har ya zama hedikwatar Jihar Neja a 1976.

Kontagora kuwa yaƙi ne ya haife ta. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa ta a 1864 bayan ya yi ta yaƙe-yaƙe a ƙasar Kambari da Gwari. Labarin da aka gada shi ne, da rundunarsa ta iso bakin rafi sai ya ce a kwantar da gora, wato an zo ke nan, ba gaba. "Kwanta gora" ta koma Kontagora. Har yau Sarkin Sudan ake ce wa sarkinta.

Haka Abuja. Da jihadi ya kori Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ya yo kudu da jama'arsa, aka kashe shi a yaƙin Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya gina sabon gari a 1828, aka sa masa sunansa. Da gwamnati ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin ya koma Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Kun ga ke nan babban birnin Najeriya laƙabin wani ɗan gudun hijirar yaƙi yake ɗauke da shi.

A can arewa kuma tatsuniya da tarihi sun cakuɗe. Kowa ya san Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Masu ba da labarin suna fassara sunansa da "ba ya ji da", don bai iya harshen ba lokacin da ya zo. Ɗansa na wajen ƙwarƙwara aka sa masa Karɓagari, ɗan Daurama kuma Bawo, wato a dawo mana da garinmu. Daga nan aka ciro Hausa Bakwai da abin da ake kira Banza Bakwai, inda aka jefa Gwari da Nupe da Yarbawa. A nan sai mun yi hattara. Wannan labari ne na fada, ba hujja ba ce ta raina wani. Nufawa suna da nasu gwarzon, Tsoede, Yarbawa suna da Oduduwa, kuma ba wanda ya ce daga Daura ya fito.

To mu dawo kudu, inda kuke zaune. Gaskiya ne Yarbawa suna da Shango, abin bautarsu na tsawa, da Ogun na ƙarfe da yaƙi, wanda maƙera da mafarauta da direbobi masu bin gargajiya suke girmamawa. Shi ya sa za ka ji sunayen mutane suna farawa da Ogun ko Shango, alamar gidan da suka fito, ko da mai sunan yau Alhaji ne ko fasto. Kogin Neja da muke cewa Kwara, su Odo Oya suke ce masa, da sunan Oya matar Shango. Jihar Osun, wadda aka ƙirƙiro a 1991, sunan kogin Osun ta ɗauka, kuma har yanzu ana bikin abar bautar kogin a Osogbo duk watan Agusta.

Amma ba duk abin da ya yi kama ba ne ɗaya. Jihar Ogun daga kogin Ogun ta samo suna, wanda ya ratsa ta gefen kasuwar Kara a mashigar Legas, kuma Bayarabe ba ya furta sunan kogin da muryar da yake furta na abin bautar. Kunnenmu ne ke jin su ɗaya. Sango ta Ibadan kuwa, in ji mahaifina da sa'o'insa na Sabo, zango ce, wurin da fatake suke sauka da shanu, harshen masu gari ya mayar da ita Sango. Wancan da "sh" ake fara shi, wannan da "s". Sabo kanta, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916, guntun Sabon Gari ce.

Yaron motar da ke gudun Sango bai san cewa a kalandar da ke cikin wayarsa ma akwai irin wannan ba. Janairu daga Janus ne, abin bautar Rumawa mai fuska biyu. Maris daga Mars ne, nasu na yaƙi, don a watan ne sukan fara fita daga. Ranar Alhamis a Turanci sunan Thor take ɗauke da shi, mai tsawar mutanen arewacin Turai. Mu namu ranakun daga ƙidayar Larabci muka aro: Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar.

Ko a bakinmu na yau da kullum yaƙi bai bar mu ba. Madawaki shi ne shugaban masu dawaki a fagen fama. Barde mayaƙi ne a kan doki. Bariki masaukin sojan Turawa ne, amma yau in aka ce maka ɗan bariki, ba yabo ba ne. Ɗan iska ma daga iskokin bori yake, wanda ake ganin iska ta taɓa shi.

Ni dai abin da na fahimta shi ne, kiran sunan gari ba bauta ba ce, amma jahiltar sunan yana iya jawo faɗa. Mutum yana zaune a garin mutane, yana cin kasuwarsu, sai ya yi ba'a da sunan kogin da suke alfahari da shi, gobe a ji rikici ya tashi a rasa mafarinsa. Kuma yaranmu da aka haifa a Shagamu da Agege da Anacha, da yawansu in ka tambaye su ma'anar garin kakansu sai su yi shiru.

Don haka in akwai dattijo a unguwarku, ku zauna da shi tun yana da rai, ku tambaye shi sunan zangonku daga ina ya samo asali. Ku tambayi masu gari su ma, cikin ladabi. Allah Ya zaunar da mu lafiya, Ya ba da kasuwa mai albarka.