Talaucin da Ke Hana Manomi Noma

A shekarar 1967 wata masaniyar tattalin arziki daga Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa, kusa da birnin Katsina, tana bin gida-gida tana tahakikin gonaki da rumbuna da sana'o'in jama'a, har ta wallafa sakamakon bahasinta a littafin Rural Hausa a 1972.

Abin da ta tabbatar, wanda ya rushe zaton masu cewa mutanen karkara duk arzikinsu ɗaya ne, shi ne cewa fatara kan kai magidanci ga matsayin da noman kansa yake gagararsa. Domin idan rumbunsa ya ƙare tun kafin damina ta kankama, lalurar ciyar da iyali sai ta tilasta masa yin ƙwadago a gonar mawadaci, alhali tasa gonar ciyawa tana cinye ta, ga shi ba taki, sannan da kaka ya sayar da ɗan abin da ya girbe da arha, ya koma sayen hatsi da tsada.

Lalle ya wajaba hukuma ta kai wa irin wannan magidanci ɗaukin abinci a tsakiyar damina, lokacin da gonarsa take bukatarsa.