Ba Kambun Baka Ne Ya Hana Cukunki Kamawa Ba

Abin ya ishe ni. Madara ta ƙi daskarewa, sai mai yin cuku ta ce wance ce ta leƙa tukunyar, bakinta ya kama. Daga nan gaba ta shiga tsakanin maƙwabta, alhali laifin yana gindin murhu.

Abin da ke daskarar da madara wani sinadari ne, inzayim, wanda ke datse furotin ɗin madara har ya dunƙule ya rabu da ruwa. Masu cuku a Nijar suna samunsa daga cikin ɗan akuya ko ɗan maraƙin da bai bar shan mama ba. Fulani masu yin wara da wagashi a Najeriya, Benin da Gana kuwa daga tumfafiya suke samun nasu.

Kowannensu da zafin da yake so. Na cikin dabba ya fi kuzari a wajen digiri 40 na ma'aunin Salshiyos, kusa da ɗumin jikin dabbar da ya fito daga gare ta. Idan madara ta yi sanyi ƙasa da digiri 20, kamar da asubar hunturu, sai ta zauna ta ƙi kamawa ko an cika mata sinadari. Idan kuma zafi ya kai digiri 60, inzayim ɗin ya mutu murus, kuma ba ya farfaɗowa, kamar yadda dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye. Na tumfafiya ya fi jure wuta, aikinsa yana kankama ne a wajen digiri 65 zuwa 70, amma shi ma tafasa tana kashe shi. To ina bakin wance ya shigo a nan? Maƙwabciya ce ta sauko da hunturu, ko ita ta iza itacen? Zargin mutum ba da hujja ba zunubi ne, mu ji tsoron Allah.

Tsarma madara da ruwa ma yakan hana ta kamawa.

Ga abin yi. Idan da cikin dabba kike aiki, ɗumama madarar kaɗan, ɗumin da yatsa ba zai ji ƙuna ba, ki zuba sinadarin, ki rufe, ki bar motsa ta. Kada ki tafasa ta tukuna, domin tafasasshiyar madara ba ta kamawa da kyau. Amma don gudun cututtukan tarin fuka da bakkale, ki riƙe ta a digiri 63 na minti 30, ta huce, sannan ki zuba. Idan tumfafiya ce, a tafi da wuta sannu a hankali, sai ta dunƙule a ƙara. Kuma don Allah a daina antaya ruwan tumfafiya saboda madara ta yi jinkiri: ɗaci yake kawowa, yana da guba, yana kuma illata ido.

'Yar'uwa, kafin ki zargi kowa, duba wutarki.