Kulocin Tsohon Babur Da Ya Ƙi Saki: Dalilai Da Hanyar Bincike A Kan Iyakar Jibiya

Garin Jibiya yana arewa maso yammacin birnin Katsina, kuma ta Magama ne hanyar mota take fita daga Nijeriya ta shiga Ɗan Issa, ta zarce zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, amma ƙaramar zirga-zirgar da ke tsakanin ƙauyukan ɓangarorin biyu a kan babur take gudana, ta hanyoyin yashi da ba su san kwalta ba. Ko da yake Bajaj Boxer ya mamaye harkar acaɓa, har yanzu akan ga tsofaffin babura irin su Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a 1975, da Jincheng da aka kwaikwayo daga Suzuki AX100, kuma ciwon da ya fi damun masu su shi ne kuloci ya ƙi saki, wato a matse hannunsa har ƙarshe amma injin ya ci gaba da jan tayar baya.

Kuloci shi ne mahaɗar da ke tsakanin injin da giya, kuma a irin waɗannan babura jerin faifai ne da ke wanka cikin mai. Faifan iri biyu ne da aka jera bi da bi, wasu masu fatar gogayya waɗanda kunnuwansu suke shiga tsagogin wani kwando da injin yake juyawa, wasu kuma na zallar ƙarfe waɗanda haƙoransu suke riƙe da cibiyar da ke juya giya. Sifirin ne suke matse su su zama abu guda, idan kuma direba ya ja hannun kuloci sai waya ta ja wani ɗan ƙarfe da ke ɗage matsin, faifan su rabu da tazarar da ba ta kai kaurin farce ba. Ƙanƙantar wannan tazara ita ce asalin matsalar, domin duk abin da ya ci rabinta ya isa ya hana sakin.

Alamomin ba su da wuyar ganewa, domin babur yakan zabura ko ya mutu da zarar an sa giya ta ɗaya, yakan riƙa rarrafawa gaba alhali hannun kuloci yana matse, kuma samun firi, wato gurbin da babu giya, yakan gagara muddin injin yana aiki, sai an kashe shi ya samu cikin sauƙi. Wajibi ne a bambanta wannan da zamewar kuloci, inda injin yake ƙugi amma gudu ba ya ƙaruwa, domin maganin ɗayan yakan tsananta ɗayan.

Bakaniken da ya san aikinsa daga waje yake farawa, ba daga buɗe injin ba. Hannun kuloci yana buƙatar ɗan wasa kafin waya ta fara ja, kuma Honda ta ƙayyade shi tsakanin milimita 10 da 20 a ƙarshen hannun. Idan wayar ta miƙe saboda tsufa sai wasan ya yi yawa, rabin jan ya tafi a banza, faifan su kasa rabuwa, kuma juya noti biyu kaɗai ya isa gyara. Ƙurar hunturu da yashin fadama sukan shiga rigar wayar su haɗu da tsohon giris su daskare, wani lokaci ma silin wayar ya fara tsinkewa daga ciki yana sarƙewa, wanda alamarsa ita ce hannun ya yi tauri kuma ya ƙi komawa da kansa. Abin takaici ne a ce talakan da ke neman na abinci ya sayi sababbin faifai alhali wayar da ba ta kai rabin kuɗinsu ba ce ta gaji.

Dalili na biyu shi ne doguwar ajiya, kuma a nan tarihin iyakar yana da hannu. An rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa a watan Agustan 2019, ba a sake buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilun 2022, sannan aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, har zuwa Maris ɗin 2024 da Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Duk lokacin da harka ta tsaya, tsohon babur shi ake fara jinginewa a zaure, kuma yana tsaye sifirin suna ci gaba da matsa faifan har su tatse man da ke tsakaninsu, ragowar ya bushe ya zama danƙo, faifan su manne kamar faranti biyu masu laima da aka kifa a kan juna. Idan damina ta ratsa, raɓar da ke taruwa cikin injin takan ƙara tsatsa a faifan ƙarfe. Wannan nau'in sau da yawa ba ya buƙatar sukuddireba, domin akan tayar da injin a firi ya yi ɗumi, a kashe shi, a sa babbar giya, a matse kuloci, a riƙa tura babur gaba da baya har a ji ya saki, sannan a zubar da tsohon mai. Buga giya da ƙarfi alhali injin yana gudu, kamar yadda wasu samari suke yi, yakan raba faifan, amma haƙoran giya da sarƙa ne suke biyan kuɗin.

Shi ma man yana da nasa laifin, domin baƙin mai mai kauri ko wanda ya daɗe ba a canja ba yakan riƙe faifan da sanyin asubahin Disamba da Janairu, ya sake su idan injin ya yi zafi. A Jincheng da sauran masu haɗa mai da fetur, kuloci yana cikin man giya ne wanda yake daban, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Idan kuwa lamarin ya juya, wato babur lafiya yake da safe amma yana ƙara kamawa gwargwadon zafinsa, to akasari ɓarnar ta kai ga ƙarfe. Mai ɗauke da buhunan hatsi cikin yashi yakan riƙe kuloci rabi da rabi don kada injin ya mutu, gogayyar ta haifar da zafin da ke sa faifan ƙarfe su yi shuɗi su karkace, kuma karkataccen faifai yana taɓa maƙwabcinsa ko an ɗage matsi. Ana gane shi ta hanyar kwantar da shi a kan gilashi, idan gefe ya ɗaga fiye da milimita 0.2 ya tashi aiki. Haka nan kunnuwan faifai sukan sassaƙa ƙananan ramuka a tsagogin kwando saboda fizga ta shekaru, su riƙa maƙalewa a ciki. Goge ramukan da zarto yana sayen lokaci ne kawai, tunda tsagar ta ƙara faɗi kuma dukan zai ƙaru, don haka kwandon da ya ci sosai sauya shi ake yi. Sifirin ma a auna tsayinsu, domin idan ɗaya ya gajarce murfin da ke matse faifan zai ɗaga a karkace.

Wajen mayarwa, sababbin faifai masu fata sai an jiƙa su cikin mai kafin a jera, a ɗaure notocin sifirin kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, kuma a zuba man da ke ɗauke da alamar JASO MA, ma'aunin da Japan ta fitar a 1998 domin baburan da kulocinsu yake cikin mai, saboda wasu mayukan mota suna da sinadarin santsi da ke jawo zamewa. Kafin a miƙa babur ga mai shi, a gwada shi da zafinsa a giya ta ɗaya da hannun kuloci a matse, domin hanyar Katsina zuwa Magama cike take da shingayen bincike, kuma babur mai lodi da ke rarrafawa gaba bayan an ce ya tsaya haɗari ne ga direba da fasinja da jami'in da ke tsaye a gabansa.