Shiri na Musamman: Hannun da Ya Tsattsage



Shirin namu na yau a kan hannu yake. Hannun da ya bushe ya yi kaushi, ya tsattsage a gaɓoɓin yatsu, ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso a gefen yatsun, ga ƙaiƙayin da ke hana barci. Mai irin wannan hannu ko tuwo zai ci sai ya nemi cokali, don in miya ta taɓa tsagar, shi kaɗai ya san abin da ya ji. Likitoci na kiran ciwon ekzima. Ba ƙazuwa ba ce, ba makero ba ne, kuma ba a ɗaukarsa ta hanyar gaisawa, saboda haka masu janye hannu in an miƙo musu, a daina.

Dalilinsa a taƙaice: fata tana da wani maiƙo a samanta da ke tsare ta, kamar yadda yaɓe ke tsare katangar ƙasa. Omo, sabulu mai ƙarfi, yawan jiƙa hannu da iskar hunturu su ke wanke maiƙon nan. Wasu kuma gado suka yi, musamman a gidan da ake da asma. Masu wanki da wanke-wanke, masu gyaran gashi, ma'aikatan jinya da masu zanen baƙin lalle duk sun san shi.

Amma bari in ɗan tsaya a kan birkiloli da leburori, domin labarinsu ne ya fi ɗaukar hankalina. A cikin siminti akwai ɗan burbushin wani sinadari da ake kira kuromiyam. Kaɗan ne ƙwarai, amma da zarar an kwaɓa da ruwa sai ya narke ya ratsa fata. Yau da gobe, jikin wasu sai ya ɗauke shi a matsayin abokin gaba, daga nan kuma ko yaya ya taɓa su hannu ya tashi. A shekarar 1979, wani likitan fata ɗan ƙasar Suwidin mai suna Sigfrid Fregert da abokan aikinsa suka nuna cewa in aka zuba ɗan gishirin ƙarfe a cikin siminti, sinadarin zai rikiɗe ya koma wani nau'in da ba ya iya ratsa fata sosai. Dabarar ke nan, ba wata mai tsada ba. Ƙasar Denmak ta fara aiki da ita a 1981, ta mayar da ita doka a 1983, kuma masu kamuwa da ciwon a wuraren gini suka ragu. Sai a 2005 dokar ta game Tarayyar Turai, inda aka ƙayyade kada sinadarin ya wuce kashi 2 cikin miliyan. Ku duba fa, shekara 26 tsakanin gano magani da gamewar dokar.

Ga wani abin mamakin kuma. Da kuromiyam ɗin nan ake jeme yawancin fatun kamfani. To birkilan da jikinsa ya riga ya ƙi sinadarin, in ya sayi safar hannu ta fata don ya kare kansa, yana iya ƙara wa ciwon wuta bai sani ba. Kuma ko babu sinadarin, ɗanyen siminti da kansa yana cin fata. Malam birkila, safar roba mai kauri za ka nema, da ta auduga a ciki.

To, ciwo ya tashi, me za a yi? Mai, mai, mai. Basilin fari marar turare, ko man kaɗanya mai tsabta. Duk lokacin da hannu ya taɓa ruwa, a goge a hankali a shafa, har bayan kowace alwala. Da dare a lafta shi da yawa, a sa safar auduga a kwanta. A cire zobe kafin wanki, don a ƙarƙashinsa kumfar omo ke maƙalewa. In an sa safar roba kada a daɗe da ita, gumi ma yana tayar da ciwon. Wanda kuma ruwa ke yi wa illa a fili, ya tambayi malami hukuncin taimama da shafa a kan bandeji, akwai sauƙi a addini.

Sau da yawa mai kaɗai ba ya kwantar da ciwon da ya yi tsanani, sai likita ya rubuta man shafawa mai sitiroyid. Ma'auninsa mai sauƙi ne: a matso shi daga kan ɗan yatsa manuni zuwa gaɓar farko, wannan ya kai kusan rabin giram, kuma ya ishi hannu guda ciki da baya. A yi amfani da shi iya kwanakin da likita ya ce.

Inda nake da ja shi ne kyamis. Ka nuna hannu, yaron shago ya leƙa, ya miƙo maka ɗan tiyub mai haɗi uku ya ce wannan yana maganin komai. Irinsa ne fa wasu ke shafawa don su yi fari. Kwana biyu ƙaiƙayi ya lafa, ka ce ka dace. Ana nan wata da watanni ana shafawa, fatar bayan hannu ta yi siriri, in kuma da ƙwayar cuta a ƙasa, man ya lulluɓe alamunta tana ta aikinta. Haka masu zuba toka, kanwa, baƙin mai ko man birki a tsaga. Don Allah a bari.

Agogo na hararata, don haka ku kasa kunne, nan ne ya fi muhimmanci. Fatar da ta tsage ƙofa ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta. In wurin ya fara tsiyayar ruwa yana yin ɓawo rawaya, in mugunya ta fito, in hannu ya kumbura ya yi zafi, ƙaiƙayi ya koma zogi, to ya wuce maganin gida. A baƙar fata ba lalle ne a ga ja ba, wurin na iya duhu ne kawai yana sheƙi, saboda haka a taɓa a ji ɗuminsa. Ruwa, ɓawo, mugunya, kumburi, zogi: a ga likita yau ko gobe.

Amma in zazzaɓi ya shigo, ko kaluluwa ta fito a hammata, ko ciwon ya ja layi yana hawa dantse, ko ƙananan gyambuna masu rami da raɗaɗi suka bazu cikin sauri, musamman kusa da ido, wannan ba na gobe ba ne, asibiti za a nufa nan take. Mai ciwon suga kuwa kada ma ya jira ya kai haka. In an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sha yadda likita ya tsara.

Lokaci ya ƙwace mana. Magidanta, in kun ga hannun uwargida ya tsattsage, a ɗauke mata wanki na ɗan lokaci, a kai ta asibiti.