Ƙirar Kalma a Hausa: Abin da Sunayen Daura Suke Koyarwa

Duk wanda ya saurari labarin Bayajidda a bakin dattawan Daura zai lura cewa ba a ambaton suna a wuce shi haka kawai. Sai an tsaya an fasa sunan an faɗi ma'anarsa: Karɓagari shi ne wanda ya karɓi gari, Bawo shi ne wanda aka ce a mayar masa da gari, Makas-sarki kuwa shi ne wanda ya kashe macijin rijiyar Kusugu. Wannan al'ada tana nuna cewa tun fil'azal Bahaushe ya san kalma gini ce, tana da tubala. Abin da ilimin harshe ya ƙara shi ne ma'auni, wato hanyar da za a bi a rarrabe tubalin gaskiya da abin da kunne kawai ya raya.

Reshen ilimin da ke nazarin wannan shi ake kira ƙirar kalma, Larabawa kuma su ce sarfu. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya wallafa littafi a kan sarfun Larabci mai suna Hisnur Rasin, kuma malaman zaure sun daɗe suna karantar da shi. Mafi ƙanƙantar yanki na kalma mai ɗauke da ma'ana shi ne ƙwayar ma'ana. Wadda ke ɗauke da ainihin ma'anar ita ce saiwa, waɗanda ake liƙa mata kuwa su ne ɗafi: na gaba ɗafa-goshi, na baya ɗafa-ƙeya. Ma'aunin kuwa guda ne. Ba a karɓar wani yanki a matsayin ƙwayar ma'ana sai an same shi a cikin wasu kalmomi yana yin aiki iri ɗaya.

A fara da sunan garin kansa. Daga Daura ake samun Badauri, da Daurawa, da Dauranci. Ɗafa-goshin ba- yana nuna asalin mutum, kamar a Bakatsine da Bagobiri da Bazazzagi. -Awa yana nuna jama'a, kamar a Katsinawa da Gobirawa. -Anci kuma yana nuna harshe ko ɗabi'a, kamar a Katsinanci da Larabci. Kuyangar da labarin ya ce Daurama ta ba Bayajidda ana kiranta Bagwariya, wato ba- da Gwari da -iya ta mace. Amma sunan garin Ɓaure, ko kalmar baƙo, ko bara, ba su shiga wannan sahu ba, domin in an cire gaɓar farko ba abin da ya rage mai ma'ana. Mai'aduwa kuwa ta rabu biyu sarai: mai da aduwa, itaciyar da kowa ya sani.

Sarautar Magajiya, wadda take da daraja a fadar Daura, ta ƙunshi tubala uku. Akwai ma- mai nuna wanda ya aikata, akwai saiwar gad- ta aikatau gada, sannan -iya ta mace. Namiji magaji, jam'i magada. To, ina d ta tafi a magaji? Ba ta ɓace ba, rikiɗa ta yi. Ƙa'ida ce a Hausa cewa d da z sukan koma j, t ta koma c, s ta koma sh, idan wasalin i ko e ya biyo bayansu. Saboda haka ake cewa gudu amma guje, sata amma sace, Hausa amma Bahaushe. Wannan ita ce ta bayyana Makas-sarki. Saiwar kashe ita ce kas-, wadda take fitowa a fili a jam'in makashi, wato makasa. Gajeren siffar ma- da saiwa da suna a bayansu tana nan da rai a harshen, kamar a maci-amana, da masha-ruwa, da magatakarda, wato mai ganin takarda. Ashe fassarar dattawan ta dace da ƙa'ida.

Kalmar sarki ta fi wuyar sha'ani. Labarin ya ce sunan macijin ne Sarki, kuma daga Makas-sarki aka gajarce laƙabin masu mulki. Ilimin ƙirar kalma ba ya yanke hukunci a kan abin da ya faru a bakin rijiya, amma yana nuna cewa kalmar tana da dangi masu yawa: sarakuna, saraki, basarake, sarauniya, sarauta, masarauta. Saiwar da ta haɗa su ita ce sarak-. Wani masani Bajamushe, August Klingenheben, ya nuna a ƙarshen shekarun 1920 cewa a tarihin Hausa baƙin k ko g yakan koma u idan ya zo a ƙarshen gaɓa. Ta haka sarak- da -niya suka ba da sarauniya, sarak- da -ta suka ba da sarauta, kamar yadda talaka ya ba da talauci. Wannan sauyi daɗaɗɗe ne, kuma yana nuna cewa kalmar ta yi saiwa mai zurfi a cikin harshen.

Karɓagari harɗaɗɗen suna ne, aikatau da karɓau a haɗe, irin su fasa-ƙwauri da dafa-duka da hana-salla. Bawo kuwa ya kai ga tsarin aikatau. A 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai gwargwadon wasalin ƙarshe da karin sauti. Aji na shida yana ƙarewa da -o, yana kuma nuna aikin ya nufo wajen mai magana: saya da sayo, koma da komo, aika da aiko. Idan aikatau mai gaɓa ɗaya ne sai w ta shiga tsakani, a ce ja da jawo, kai da kawo. A bisa wannan, ba da bawo sun hau ma'auni: a ba da abu ya dawo wajen mai shi. Ma'anar ta kuma yi daidai da labarin, inda ɗan sarauniya ya zo bayan ɗan kuyanga.

Sunan Bayajidda shi ne inda ya kamata a yi hattara. An ce daga jimlar "ba ya ji da" ya samo asali, domin baƙo ne da bai san harshen ba. Hausa tana yarda jimla ta zama suna, kamar Abarshi da Abarta. Sai dai kalmar da mai nufin lokacin da ya wuce tana da dogon wasali, kuma babu ƙa'idar da ta bayyana ninkin d a ƙarshen sunan. Daɗin daɗawa, akwai wata fassarar. H. R. Palmer, wanda ya buga labarin a 1928, da W. K. R. Hallam a 1966, sun danganta sunan da Abu Yazid, ɗan tawayen Afirka ta Arewa da ya mutu a 947. Idan haka ne, kunnen Bahaushe ne ya sassaƙa baƙon suna har ya yi kama da maganar gida, abin da kowane harshe yake yi wa kalmomin aro.

Amfanin wannan nazari bai tsaya ga tarihi ba. Da waɗannan tubala ne aka gina makaranta daga karanta, da ma'aikata daga aikata, da matuƙi daga tuƙa, kuma jama'a suka karɓe su ba gardama domin sun bi hanyar da harshen ya saba. Duk kwamitin da zai ƙirƙiro kalmar kimiyya, da malamin da zai koyar da nahawu a Daura ko Zango ko Sandamu, wajibi ne su san wannan hanya. Haka kuma ɗalibin tarihi da aka kawo masa fassarar suna a matsayin hujja, ya kamata ya fara tambaya: wannan yanki da aka ciro, a wace kalma kuma aka same shi, kuma wane aiki yake yi a can?